Tsohon Maharbi Da Madubin Bindiga

Kowace sana'a da gaɓar da take ci a jikin mai ita. Maƙeri damtsensa ne jarinsa, ɗan dako wuyansa, marini kuwa hannuwansa, amma shi maharbi ba shi da wata dukiya da ta wuce idonsa. Ƙafa tana iya gajiya ya zauna a gindin itace ya yi kwanto, kunne yana iya yin nauyi ya dogara ga kare, amma ranar da ido ya soma ha'intarsa, to, bindigar da ke rataye a kafaɗarsa ta tashi daga kayan sana'a ta koma abin tsoro, gare shi da kuma duk wanda ya bi ta hanyar gonarsa. Wannan ita ce matsalar da ta sami wani dattijo a garin Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, har ta kai shi ga shawarar sayen madubin nan da ake ɗaura wa bindiga a bisa don ya jawo abu na nesa ya kawo shi kusa. Yana son mai araha, yana kuma son mai ƙarko, abubuwa biyu da ba kasafai suke kwana ɗaki ɗaya ba.

Kafin a shiga labarinsa ya kamata mai karatu ya san irin ƙasar da yake farauta a ciki. Garin Lafiya, wanda tsofaffi ke kira Lafiyar Barebari, Muhammadu Dunama ne ya kafa shi tare da jama'arsa fiye da shekara 200 da suka wuce, a ƙasa mai dausayi tsakanin duwatsun Eggon da kwarin Binuwai. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, watau daga 1881 zuwa 1903, kasuwar garin ta shahara ƙwarai, fatake suna bin hanya har Loko a bakin kogi. Daga baya jirgin ƙasa ya ratsa ta nan a kan hanyarsa daga Fatakwal zuwa Kafancan, sa'an nan a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Jihar Nasarawa daga Jihar Filato, aka mai da Lafiya babban birni. Gwargwadon yadda gari ya buɗe, gwargwadon yadda daji ya ja da baya. Ɓauna da gwanki sun zama labari a bakin tsofaffi, wuraren da aka keɓe wa namun daji kuwa, irin su Pandam da ke kan hanyar Shendam, an hana farauta a cikinsu. Abin da ya rage wa maharbin yau shi ne gyazbi, da beguwa, da birai, da zabin daji, da fakara, sai kuwa gadu jefi-jefi. Saboda haka aikinsa ya fi karkata ga tsaron amfanin gona bisa ga neman nama.

Dattijon nan ya doshi shekara saba'in. Ya gaji farauta wurin mahaifinsa, ya fara da baka da kibiya, ya koma ga adaka wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kana a shekarun 1970 ya sayi bindiga mai baki ɗaya, ya yanki lasisinta, bai kuma taɓa yarda takardar ta mutu a hannunsa ba. Yana da gona a wajen hanyar Doma, inda yake noman doya da riɗi da agushi. Ka'idarsa tun yana saurayi ɗaya ce: ba ya jan kunama sai ya ga kai, ya ga ƙafa, ya tabbata ko mene ne a gabansa, ya kuma san abin da ke bayan abin. Wannan ka'ida ita ce ta sa ya shekara hamsin yana yawo da wuta a kafaɗa ba a taɓa kai ƙararsa gaban mai unguwa ba, balle ofishin 'yan sanda.

To, sai ga shi ka'idar da ta tsare masa mutunci ta soma cinye masa gona. Shekara biyu ke nan yana ganin duniya kamar cikin hazon hunturu, hazon da ba ya washewa ko da ruwa ya sauka. Da rana haske yana kashe masa ido, da almuru kuwa kututture da dabba duk ɗaya suke. In ya kunna fitilar goshi da dare, sai hasken ya watse ya yi masa bakan gizo. Wata rana da yamma wani abu ya yi motsi a bakin kunyoyin doya, alamu duka sun nuna gadu ne, amma da yake bai ga kai da ƙafa ba, ga kuma yaran maƙwabta suna ratsawa ta nan in sun taso daga itace, sai ya sauke bindiga ya buga tsawa kawai. Da gari ya waye ya tarar an tone masa kunya wajen ashirin. Birai ma suka gane cewa mai gonar ya daina harbi, suka mai da gonar gidan kakarsu.

Babban ɗansa, wanda ke aiki a Abuja yana kwana a Mararraba, shi ne ya zo da maganar madubi. Ya buɗe wayarsa ya nuna wa uban hotunan waɗansu Amurkawa riƙe da bindigogi, kowace da baƙin bututu a kanta, ya ce, "Baba, wannan abin da kake gani, in ka leƙa ta cikinsa, biri yana can ƙarshen gona sai ka gan shi kamar a tafin hannunka. Akwai masu tsada, akwai masu araha. Na tara ɗan abin da ya sawwaƙa, ka zaɓi wanda kake so in aiko a kawo."

Dattijo ya daɗe yana duban hotunan, ko da yake rabin abin da ke ciki bai fito masa ba. Mutum ne wanda ko fartanya zai saya sai ya ƙwanƙwasa ta ya ji amonta. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma araha ba ta ado, kuma ba a cinikin biri a sama. Kawunka ya ci gishirin soja shekara ashirin da biyu, bindiga ce abincinsa. Mu je ya gaya mana wanda zai jure damina da ƙura, kada ka zuba guminka a rijiya."

Kawun nan ƙanen matar dattijon ne, tsohon Saje, yana cikin sojojin Nijeriya da aka tura Laberiya ƙarƙashin rundunar ECOMOG a 1990, ya kuma yi shekaru yana aiki a ma'ajiyar makamai. Bayan an gaisa an sha ruwa, ya karɓi wayar ya duba, ya yi murmushi, sa'an nan ya soma yi musu bayani tun daga tushe, domin shi mutum ne mai son a san asalin abu.

Madubin hangen nesa dai ba sabon abu ba ne. Tun wajen shekara dubu da ta wuce, Ibn al-Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya tabbatar a cikin littafinsa Kitab al-Manazir cewa gani yana samuwa ne sa'ad da haske ya taso daga abu ya shiga ido. A 1608 wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, Hans Lippershey, ya nemi a ba shi takardar mallakar wani bututu mai gilashi biyu da ke jawo nesa kusa, a shekara ta gaba kuma Galileo ya ƙera nasa a Italiya. Wajen 1640 wani Baturen Ingila mai nazarin taurari, William Gascoigne, ya lura da zaren gizo-gizo da ya gitta cikin madubinsa ya fito sarai tare da abin da yake dubawa, daga nan aka samo dabarar layukan nan biyu masu gicciye da ake saiti da su. An ɗaura irin wannan madubi a kan bindiga a ƙarni na 19, an kuma yi amfani da shi a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Amma bai shiga hannun talakan maharbi ba sai a shekarun 1930, sa'ad da wani mutum mai suna Bill Weaver ya shiga ƙera masu sauƙin kuɗi a Amurka. A 1935 kuma wani masani a kamfanin Zeiss na Jamus, Alexander Smakula, ya gano shafen da ake yi wa gilashi don kada haske ya riƙa tarwatsewa a fuskarsa.

Saje ya nuna musu lambobin da ke rubuce a jikin kowane madubi, ya ce a nan ne ake yaudarar mai saye. In an rubuta 4x32, ma'anarsa yana ninka girman abu sau 4, faɗin gilashinsa na gaba kuwa milimita 32 ne. In an rubuta 3-9x40, ana iya murɗa shi daga ninki 3 zuwa 9, gilashin gaba milimita 40. Mutane sukan ruga wa babbar lamba, alhali kuwa duk sa'ad da ninki ya ƙaru, filin da ake gani yana tsukewa, rawar hannu tana ƙaruwa, haske kuma yana raguwa. Lissafinsa mai sauƙi ne: a raba faɗin gilashi da yawan ninki, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da zai iso ido. Mai 4x32 yana ba da milimita 8, mai 40 in an murɗa shi zuwa 9 bai kai milimita 5 ba, wanda kuwa aka cika wa baki da ninki 24 a kan gilashi 40 ko milimita 2 ba ya bayarwa, da almuru duhu kawai za a gani. Ƙwayar idon saurayi takan buɗe har wajen milimita 7 cikin duhu, ta tsoho kuwa da ƙyar take wuce 5.

Game da ƙarko kuma, ya lissafa musu abubuwa huɗu. Na fari, madubi ya riƙe saitinsa. Kowane harbi bindiga tana naushin kafaɗa, wannan naushi kuma yana girgiza ƙananan gilasai da sukurori da ke ciki. Bindiga mai ɗura kanta, watau wadda ke tofar da kwanso ta ɗauko sabon harsashi da kanta amma sai an ja kunama a kowane harbi, tana ƙara wata girgizar, domin ƙarfen cikinta yana komawa baya ya dawo gaba da ƙarfi. Madubin banza yakan yi daidai yau, gobe ya karkace, wanda kuwa ya karkace ya fi babu haɗari, don mai shi ya amince da shi. Na biyu, a ce an toshe shi da zoben roba an cika shi da iskar naitirojin, dabarar da masu ƙira suka soma a ƙarshen shekarun 1940, in ba haka ba raɓar safiya za ta shiga ta yi masa gumi daga ciki. A ƙasa irin Lafiya, inda ruwa ke sauka tun daga Afrilu har Oktoba, wanda ba a toshe ba har fumfuna yake yi, in rani ya zo kuma ƙura ta ƙarasa shi. Na uku, tazarar da ke tsakanin ido da gilashin baya ta kai santimita 8 zuwa 10, in ta gaza haka bakin madubi zai sari gira in bindiga ta yi naushi. Na huɗu, ƙarafan da ke riƙe shi a kan bindiga su zama nagari, gama doki mai kyau da ruɓaɓɓen majayi kā da mahayi yake yi.

Ya ce in mutum kuɗinsa kaɗan ne, gara ya sayi mai ninki ɗaya tak wanda ba a murɗawa, kamar 4x32, na kamfanin da aka sani, da ya sayi mai fitilu ja da kore da maɓallai barkatai a kan kuɗi ɗaya, domin abin da ba shi da gaɓoɓi da yawa ba shi da wurin karyewa da yawa. Ya ƙara da cewa manyan kamfanoni a Amurka sukan yi alkawarin gyara kayansu muddin rai, amma wannan alkawari bai amfani mutumin da ke Lafiya da kome ba, tun da kuɗin aikawa da dawowa sun isa sayen wani. Daɗin daɗawa kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni.

Ɗan ya ji daɗi, ya ce, "To, Kawu, ashe 4x32 za mu saya." Saje ya ajiye wayar a kan tabarma, ya juya wajen dattijo ya ce, "Yaya, duk wannan da na faɗa amsar tambayar yaron nan ce. Yanzu saura tawa tambayar. A kan wace bindiga za a ɗaura shi?"

Nan fa zance ya sake. Madubin saiti an yi shi ne domin bindiga mai murɗaɗɗen zane a cikin bututunta, wadda ke juya harsashi guda ɗaya kamar katantanwa ya tafi sambal mita ɗaruruwa. Bindigogin da ke cikin hotunan nan irin su AR-15 ne, wadda Eugene Stoner ya tsara a shekarun 1950, kamfanin Colt kuma ya soma sayar wa farar hula samfurinta mai ɗura kanta a shekarun 1960, a ƙasar da tsarin mulkinta ya ba mutane damar riƙe makami tun 1791. Bindigar dattijo kuwa cikinta sumul yake, ƙwayoyin dalma take watsawa kamar an watsa tsaba, ƙarfinta kuma bai wuce mita 30 zuwa 40 ba. A wannan tazara mai lafiyar ido ba ya bukatar ninki, in ma an ɗaura sai dai ya hana shi bin dabba mai gudu. Adaka kuwa ba a ma maganarta. Ɗaura wa irin waɗannan madubi daidai yake da ɗaura wa jaki sirdin azurfa.

Ɗan ya ce to me zai hana a sake bindigar? Saje ya girgiza kai. Dokar Makamai ta 1959, wadda ƙasar nan ta gāda tun kafin samun 'yancin kai, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na fari haramtattu ne ga kowa sai da iznin Shugaban Ƙasa, a ciki har da bindigogin soja masu harsashi milimita 7.62, irin na AK-47, da ƙananan bindigogin hannu, hukuncin mallakarsu kuwa ɗauri ne na aƙalla shekara 10. Kashi na biyu, watau bindigogin farauta, lasisinsu yana hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda, kuma ko a cikin masu watsa dalma dokar ta fitar da masu ɗura kansu daga wannan kashi. Kashi na uku su ne adaka da 'yan'uwanta, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. A 2023 ma rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi saboda yawan makamai a hannun jama'a, a 2024 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar hana yaɗuwar ƙananan makamai.

Ban da doka akwai idon jama'a. Mutanen wannan yanki ba su manta da abin da ya auku a Alakyo, kusa da Lafiya, a watan Mayu 2013 ba, inda jami'an tsaro masu yawa suka rasa rayukansu, ba su kuma manta da tashe-tashen hankulan da suka raba dubban mutane da ƙauyukansu a wajen Awe da Keana da Obi da Doma ba. A watan Maris 2025 kuma, a garin Uromi na Jihar Edo, an kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu, aka ɗauke su masu satar mutane. In bindigar gargajiya ta jawo wannan, ina ga wadda aka ɗaura wa baƙin madubi irin na soja? Saje ya ce, "Yaya, yau kowa ya gan ka da bindigarka ya san maharbi ne ya fito. Ranar da ka ɗaura mata wannan abu, sojan da ke shingen hanya ba zai tsaya tambayar sunan mahaifinka ba."

Sa'an nan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani tsohon madubin hangen nesa mai ido biyu, ya miƙa wa ɗan ya ce ya dubi bishiyar mangwaro da ke can bayan katanga. Ɗan ya ce yana ganin har jijiyoyin ganye. Aka miƙa wa dattijo, ya murɗa, ya sake murɗawa, ya rufe ido ɗaya, ya rufe ɗayan, daga bisani ya sauke ya ce bishiyar ta matso, amma hazon ya matso tare da ita. Saje ya ce abin da yake so ya ji ke nan. Madubi yana ƙara wa abu girma ne kawai, ba ya wanke idon da zai karɓi hoton. Ya kuma gaya masa cewa dokar nan ta 1959 ta lissafa waɗanda ba a ba su lasisi: wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mashayi, da wanda aka ɗaure saboda ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce, da kuma wanda raunin ganinsa ya sa bai cancanci riƙe bindiga ba.

Wannan magana ta yi wa dattijo nauyi, domin bai taɓa zaton akwai ranar da za a jera shi a sahu ɗaya da mashaya ba. Ya yi shiru har aka kira la'asar. A kan hanyar komawa gida ya ce wa ɗansa, "Kawunka bai faɗi abin da zuciyata ba ta riga ta gaya mini ba. Wanda ya rubuta dokar nan ya san daji. Kuɗin nan naka, ka riƙe su tukuna, gobe ka kai ni wurin likitan ido."

Da likita ta haska idon, ta ce, "Baba, yana ce a idanu biyu, ta dama ta fi nuna." Ta bayyana masa cewa a cikin kowane ido, bayan ƙwayar, akwai wani ɗan gilashi na halitta, garau kamar ruwan rijiya, shi ne ke tattara haske. In shekaru suka tura sai ya soma dushewa, ba kuwa ɗigon magani ko tozali ko tabarau da ke mai da shi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40, wajen 4 cikin 100 makafi ne, yanar ido kuwa ita ce kan gaba, ta ɗauki wajen kashi 43 cikin 100 na makantar. Ta gargaɗe shi da masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yanar cikin ido da tsinke, domin mutum yakan ga haske na ɗan lokaci, sa'an nan sau da yawa idon ya lalace gaba ɗaya. Ta kuma auna masa nauyin ruwan ido don ta tabbata babu ciwon nan mai cin jijiyar gani a ɓoye, wanda in ya ci ba ya mayarwa.

Aikin da ake yi a asibiti shi ne a cire gilashin da ya dushe a sa na roba a gurbinsa. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, wanda ya taɓa aiki a ƙasar Gana yana binciken makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa, shi ne ya fara wannan a asibitin St Thomas na Landan a 1949, bayan ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idonsu, idon bai ƙi robar ba. Dattijo da ya ji haka ya yi dariya, ya ce ashe dai madubin zai saya, sai dai a cikin ido za a ɗaura shi, ba a kan bindiga ba. Aka yi wa idon dama aiki, bai kai awa guda ba. Kashegari da aka cire bandeji, abin da ya fara cewa shi ne ashe bangon ɗakin shuɗi ne, shi da ya ɗauka toka-toka ne.

Kuɗin da ɗan ya tara sun biya aikin, har 'yan canji suka rage. Da su ne Saje ya raka su suka zaɓi madubin hangen nesa mai ido biyu, 8x30, irin mai kafaɗa, wanda bisa ga kuɗinsa ya fi miƙaƙƙen nan kyawun gani. Ka'idodin da ya faɗa a kan na bindiga su ne suka yi aiki a nan. Suka ƙi waɗanda aka rubuta wa manyan lambobi na ƙarya, suka ƙi masu jan gilashi mai ƙyalli wanda ado ne kawai. Saje ya girgiza shi a kunne don ya ji ko wani abu na motsi, ya haska cocila ta gaba ya duba ƙura da fumfuna, ya miƙa shi nesa da fuska ya ga ɗigon hasken da ke gilashin baya zagayayye ne sarai, kana ya sa ɗan ya dubi wayar lantarki don a tabbata ba ta rabu biyu ba, gama wanda idanunsa biyu suka saɓa ciwon kai yake sawa. Ya kuma ja kunnensu da wata magana wadda ta shafi har waɗanda doka ta yarje wa madubin bindiga: ba a duba abin da ba a sani ba da madubin da ke kan bindiga, domin duk abin da aka leƙa ta cikinsa an riga an auna shi da bakin wuta. Bincike aikin mai ido biyu ne, wanda ba ya kashe kowa.

Saura idon hagu, wanda aka sa wa lokaci bayan an kaɗe riɗi. Dattijo ya yanke wa kansa hukunci cewa bindiga ba za ta fita ɗaki ba sai an gama na biyun, likita kuma ta ce ganinsa ya isa, domin da ido biyu ake auna nisa. Ya share ta, ya shafa mata mai, ya kulle ta a akwati, harsasai kuma a wani wuri dabam. Ya kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, yana hawa da madubinsa da asuba da kuma yamma, in ya hango birai tun suna bakin rafi sai ya yi wa jikokinsa ishara su tare su da gwangwani da majajjawa da karnuka. Duk da haka birai suna cin rabonsu, shi kuwa ya lissafa wannan a cikin kuɗin magani. Waɗansu abokan farautarsa suna yi masa ba'a, wai zaki ya koma gadin gona da gwangwani, amma biyu daga cikinsu sun riga sun zo a asirce suna tambayar ranar da likitar ido ke zama.

Mafarauta da 'yan banga da manoma masu riƙe da bindiga bisa doka suna da yawa a ƙasar nan, da yawansu kuma sun ba hamsin baya. Duk wanda ya ga ya soma kuskure abin da dā ba ya kuskurewa, ko fitilar mota ta soma kashe masa ido fiye da kima, ya fara zuwa a duba masa ido kafin ya zargi bindiga ko ya nemi abin ɗaura mata. Ƙungiyoyin mafarauta da sarakunan baka kuwa, da za su sa gwajin ido ya zama sharaɗi ga 'ya'yansu shekara-shekara, da sun tsare rayukan masu itace da makiyaya da yaran da ke ratsa gonaki, sun kuma tsare sunan sana'ar da suka gāda.